Ɗamarar Atisaye Ba Guru Ba Ce: Yadda Za Ka Wanke Ta, Ka Adana Ta, Ka Kafa Ta a Bango

Wata Asabar cikin watan Yuni, bayan an kwana uku ana ruwa a Kumasi, wani yaro cikin waɗanda nake koya wa tekwando a Asawase ya buɗe jakarsa a bakin fili. Kafin ya gama zuge zif, wari ya riga shi fitowa. Koriyar ɗamararsa na dunƙule cikin baƙar leda tun atisayen Talata, fumfuna ta yi mata ɗigo-ɗigo fari da toka-toka, wurin ƙulli kuwa har ya yi danƙo. Na tambaye shi yaushe rabon ta da ruwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Masta, ai cewa aka yi ba a wankewa. Wai in ka wanke, ƙarfinka ya bi ruwa."

Wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma a Zongo tana saurin samun wurin zama, domin mun san guru, mun san laya da kambu, mun taso muna jin abin da ake ɗaurawa a ƙugu a ce kada ruwa ya taɓa. Sai yaro ya ɗauki ɗamarar kareti ya sa ta a wannan sahu. Ita kuwa auduga ce, an ninka ta an bi ta da layukan ɗinki. Darajarta tana ga abin da take shaida: wata nawa ka yi kana zuwa fili, wane malami ya gwada ka, a gaban su wa. Girmama ta shi ne ka tsabtace ta, ka ajiye ta inda ya dace, kuma kada ka sa ta faɗi abin da ba ka yi ba.

Tarihinta ma bai yi nisan da ake zato ba. Jigoro Kano, Bajapanen da ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882 (sunan ne kawai ya zo ɗaya da birnin Kano), shi ya fara bambanta ɗalibai ta hanyar farar ɗamara da baƙa. Gichin Funakoshi ya ɗauko tsarin ya kawo shi kareti, ya ba da baƙaƙen ɗamaru na farko a 1924. Launuka masu yawa kuwa a Turai suka bazu, musamman ta hannun Mikinosuke Kawaishi da ya koyar da judo a Paris tun daga wajen 1935, saboda ɗalibai su riƙa ganin ci gabansu da ido. Labarin nan na cewa mutanen dā fara ɗaya suke ɗaurawa har datti ya mayar da ita baƙa, tatsuniya ce. Su Japanawan da suka kawo abin, ba sa yarda mutum ya hau tabarmar atisaye da ƙazanta.

Ranar da aka ba ka sabuwa

Karɓe ta da hannu biyu, kamar yadda za ka karɓi abu daga hannun babba a gida. Kada ka ɗaura ta kafin malami ya ce ka ɗaura.

In ka koma gida, abu na farko shi ne awo. Zagaya ƙugu da ita sau biyu, ko sau ɗaya in haka makarantarku take yi, ka ƙulla. A dokar gasar judo, kowane baki ya kamata ya sauko santimita 20 zuwa 30 daga ƙulli, kuma wannan ma'auni yana yi wa sauran wasannin daidai. In ta yi maka tsawo kaɗan, bar ta, auduga tana tsukewa a wankin farko. In ta yi gajarta, mayar a canza tun ba ka jiƙa ta ba. Kada ka sa almakashi, domin da ka yanke baki, layukan ɗinkin za su fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya.

Sabuwar ɗamara takan zo da tauri kamar busasshiyar fata, ƙulli ya ƙi zama. Kada ka buga ta a kan dutse ko ka tattake ta da ƙafa. Naɗe ta tamau kamar gammo, ka warware, ka sake naɗewa ta ɗaya fuskar, sau goma ko fiye. Sannan ka murza wurin ƙulli tsakanin tafukanka. Cikin mako biyu na atisaye za ta yi laushi.

Daga nan sai gwajin launi. Zuba ruwan sanyi a farin bokiti, ka tsoma ta ita kaɗai minti goma sha biyar. Ja, shuɗiya, baƙa da mai ruwan ƙasa su suka fi zuba. Ka yi ta canza ruwa har ya fito garau. Wanda ya tsallake wannan mataki, gumi zai yi masa gwajin a fili, ya tashi da zobe ja a ƙugun farar rigarsa wanda ba ya fita da sauƙi.

Bayan kowane atisaye

Nan ne yawancin ɓarnar take faruwa, ba wurin wanki ba. An tashi da magariba, ana sauri a kama motar haya ta trotro ko a samu jam'i, sai a cusa riga da wando da ɗamara cikin leda a ɗaure baki. Ɗamara ninki-ninki ce, gumi yana shiga can cikinta, waje ya bushe ciki na jiƙe. A damina, daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma ƙaramar daminar Satumba zuwa Nuwamba, kwana biyu cikin leda sun isa fumfuna ta kama.

Don haka da ka kwance ta, ninka ta biyu, ka sake ninkawa, ka ɗora ta a saman kaya, kada takalmi ya hau kanta. Da isarka gida, kafin ka ci abinci, fito da ita ka rataya a igiya ko bayan kujera, inda iska ke wucewa. Jakar yadi ta fi leda nesa ba kusa ba. Kowane tela a Aboabo zai ɗinka maka ɗaya da ragowar ƙyalle.

Akwai kuma ladubban da nake maimaita wa yara har sun haddace. Ba a jan ɗamara a ƙasa. Ba a jefa ta. Ba a tsallake ta ɗan'uwa in ta faɗi, ɗauka ake yi a miƙa masa. Ba a dukan ƙane da ita, ba a ɗaure akuya ko katon ɗin kaya da tsohuwa. Ba a rataya ta a wuya a bi titi don a gani. In ta kwance ana cikin atisaye, a makarantu da yawa juya baya ake yi a gyara, sannan a juyo. Duk wannan tarbiyya ce irin wadda muka sani a makarantar allo, inda ba a bar yaro ya yi wasa da kayan karatunsa.

Wanki

Wanda ke atisaye sau uku a mako, ya wanke ta aƙalla duk mako biyu. Ɗan judo, da duk wanda wasansa na kamawa da birgima a tabarma ne, ya wanke duk mako, ko ma duk lokacin da ya wanke riga, saboda ɗamararsa tana gogar tabarma da fatar abokan wasa. Makero da maruru suna bin kayan da ba a wankewa, kuma yaro ɗaya ya isa ya raba wa aji guda.

Kafin ka jiƙa ta, duba ko akwai zanen matsayi da aka naɗa da salatif a bakinta. Ƙirga su, ka ɗauki hoto da waya. In sun ɓare a ruwa, ka kai wa malami ya mayar da hannunsa.

Ruwan sanyi za ka yi amfani da shi. Ruwan zafi yana tsuke auduga, yana fitar da launi, kuma in akwai jini, dafa shi yake yi ya zauna daram. Narkar da sabulu kaɗan a ruwan tukuna. Key Soap ya isa, ko garin sabulu cokali ɗaya. Tsoma ɗamarar minti goma zuwa ashirin, ita kaɗai, kada ka haɗa ta da farar riga ko da ta daina zuba. Sai ka bi ta da hannu daga baki zuwa baki kana matsawa. Wurin ƙulli da tsakiyar baya su ne matattarar datti, ka ba su lokaci. In da tabo, tsohon burushin haƙori mai laushi ya wadatar, ka bi tsawon ɗinki, kada ka gitta shi.

Ɗauraya ita ce inda mutane ke gajartawa. Yi ruwa uku, ko huɗu. Sabulun da ya maƙale a ciki yana sa ta tauri, yana kuma jawo ƙaiƙayi a ƙugu. Kada ka murɗe ta kamar zane, murɗa tana karkatar da ninkin ciki har ta daina kwanciya sambal. Shimfiɗa ta a kan tawul, ka naɗe su tare, ka danna da gwiwa.

Parazone, ruwan bilic ɗin nan mai farar da kaya, kada ya kusance ta, ko da fara ce. Yana cin zare, yana ɓata launi. Iyaye mata da yawa, da kyakkyawar niyya, sukan zuba shi don kayan yaro su yi fes. Ka yi wa Mma bayani da ladabi, ko ma ka karɓi wankin da kanka. Yaron da ya kai a ɗaura masa ɗamara ya kai ya wanke ta.

Baƙar ɗamara mai rufin satin ko siliki tana son hannu mai sauƙi: babu burushi, babu dogon jiƙo. Da kanta za ta fara tsagewa a wurin ƙulli farin ciki ya bayyana, wannan ba laifi. Abin da ba na so shi ne matashi ya sa reza ko dutse ya kankare sabuwar ɗamara don a ce ya daɗe. Duk wanda ya san wasa, daga tsayuwarka zai gane shekarunka.

Shanya kuwa a inuwa ake yi, inda iska ke kaɗawa, a ninka ta biyu a kan igiya mai tsabta. Wayar ƙarfe mai tsatsa tana barin layi. Rana mai zafi tana mayar da baƙa ruwan toka, ja kuma ta koɗe. A damina ka ba ta kwana biyu, ko ka sa ta gaban fanka. Gwajin bushewa shi ne ka lanƙwasa wuri mafi kauri ka kanga a kumatu. In ka ji sanyi-sanyi, da saura. In kana son guga, ɗora ƙyalle a kai, wuta kaɗan, kuma kada dutsen guga ya hau salatif ko zaren ado.

In fumfuna ta riga ta kama

Fita waje da ita, ka rufe hanci, ka kakkaɓe da burushi. Haɗa farin binega kofi ɗaya da ruwa kofi huɗu, ka jiƙa ta awa guda, sannan ka wanke da sabulu yadda na faɗa. Wannan karon kaɗai, ka ba ta rana ta awa ɗaya ko biyu da safe. Kada ka kuskura ka haɗa binega da Parazone, haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu, balle a banɗakin gidan haya da ba taga. Wani tabon ba zai fita duka ba. Ɗamarar yaron nan ta Asawase ta warke daga wari, amma ɗigo uku sun zauna kusa da baki, haka ya ci gaba da ɗaura ta har ya samu shuɗiya.

Adana waɗanda ka wuce

Wanke kowace kafin ka ajiye, ko da ba ka ga datti ba, domin gumin da ya bushe shi ke kiran kyankyaso. Naɗe ta kamar gammo ko ka ninka, ka sa a jakar yadi ko tsohuwar rigar matashin kai. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, tara su ka jefa ciki. Kada akwatin ya zauna a kan siminti kai tsaye, ɗora shi a kan katako.

Kafur da muke zubawa cikin kaya yana korar ƙwari, amma a kula. Yara kan ɗauka alewa ce, kuma yana da haɗari ƙwarai ga jarirai da masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. In akwai ƙananan yara a ɗaki, a haƙura da shi. Fito da kayan su sha iska duk wata biyu ya fi.

Kafa su a bango

Ga wurin da nake so a yi abu da kyau, domin allon ɗamaru a ɗaki yana tayar da ƙannai, yana kuma sa uba ya ga inda kuɗin wata-wata ya tafi.

Fara da zaɓen bango. Nemi wanda rana ba ta dukansa ta taga, wanda ba ya jiƙewa a damina, nesa da hayaƙin gawayi da na maganin sauro. Shafa tafin hannu a jikinsa bayan an yi ruwa. In fenti na kumbura ko yana ɓarewa, nemi wani. A ra'ayina, kada ka kafa shi sama da inda ake ajiye Alƙur'ani da littattafan addini, kuma kada ya zama a gaban mai salla inda launuka za su ɗauke masa hankali.

Sai awo. Ɗamara mai tsawon santimita 260, in ka ninka ta biyu sau uku, za ta dawo kusan santimita 33. Faɗinta kuma santimita 4 zuwa 5 ne. Saboda haka ka ce wa kafinta ya yanka maka filayen katako masu tsawon inci 16 da faɗin inci biyu da rabi, ɗaya don kowace ɗamara, ya jera su a kan sanduna biyu na tsaye, da ɗan tazarar rabin inci tsakaninsu. Allon ɗamara goma zai kai kimanin inci 30 a tsaye. Sandunan bayan nan suna da amfani biyu: suna riƙe filayen, suna kuma raba allon da bango iska ta riƙa bi ta baya. Kafintocin unguwa za su iya, in kuma kana son zaɓen katako da idonka, ka je Sokoban, inda aka mayar da masu katakon Anloga. Katakon da ake kira wawa yana da araha da sauƙin ɗauka, amma ƙwari na son sa, sai an yi masa magani. Odum ko tik sun fi ƙarko. Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata busasshe ne.

A goge shi da sanfefa har ya yi sumul, domin tsini ɗaya ya isa ya ja zare. In an shafa banish, a bar shi mako guda ya bushe sarai, warin ya fita, kafin yadi ya taɓa shi.

Wajen riƙe ɗamarar, kada ƙusa ko fil ko gam su shiga jikinta. Ƙusa tana tsatsa a laimar Kumasi, tsatsa kuma ba ta fita. Sayi roba mai faɗi irin ta ƙugun wando a kasuwar Kejetia, a zagaya kowane fili da guda biyu, dama da hagu, a maƙale su ta baya. Sai ka zura ninkakkiyar ɗamara a ƙarƙashinsu, bakin da ke da zane ko suna yana fuskantar waje. Robar kan saki bayan shekara ɗaya ko biyu, sai a canza. Wanda ba shi da kuɗin katako yanzu, gora ɗaya mai santsi da igiya biyu sun isa: a rataya gorar a kwance, a ɗora ɗamarun a kanta a jere.

Jeri yana bin yadda ka same su. Yawanci fara a ƙasa, ana hawa har baƙa a sama. A tekwando, fara, rawaya, koriya, shuɗiya, ja, sannan baƙa, da masu zane a tsakani. A judo da kareti akan samu mai ruwan lemo, kuma mai ruwan ƙasa ce ke gaban baƙa, amma tsarin kareti yana bambanta daga makaranta zuwa makaranta, don haka bi na malaminka. Yaron tekwando da bai kai shekara 15 ba, a tsarin Kukkiwon, hedikwatar tekwando da ke Koriya ta Kudu, matsayin pum yake samu, ɗamararsa rabi ja rabi baƙa, kuma ita ce za ta hau allonsa, ba baƙa zalla ba. Ja da shuɗiyar da 'yan kareti ke ɗaurawa a gasa, irin waɗanda aka gani a Wasannin Afirka da aka yi a Accra a watan Maris na 2024, alamar ɓangare ce kawai. A ware musu wuri tare da lambobin yabo, kada a cusa su cikin jerin matsayi.

Wadda kake ɗaurawa yanzu ba ta hawa allo, wurinta igiya da jaka. Wadda ba ka kai ba kuma, ko da ka saye ta ka ajiye, ta zauna a akwati. Na taɓa shiga ɗakin wani matashi na ga baƙa a saman allonsa alhali yana ja. Ya ce don ta riƙa ƙarfafa masa gwiwa ne. Na fahimce shi, amma baƙon da ya shigo ba zai karanta niyya ba, abin da ya gani zai ɗauka. Na roƙe shi ya sauke ta, ya bar filin a buɗe.

In za ka sa gilashi saboda ƙurar hunturu, to ɗamarun su bushe ƙarau, a bar 'yan ramuka a gefen akwatin, kuma gilashin kada ya manne da yadi. Allon da ba gilashi, burushin fenti sabo mai laushi ya isa a bi shi duk mako daga Disamba zuwa Fabrairu. Sau biyu a shekara, ƙarshen babbar damina da ƙarshen hunturu, sauke su duka, ka warware, su sha iska, ka canza wurin ninki don kada layi ya zauna.

Suna, da ɗamarar wani

Masu sa a ɗinka suna a baƙar ɗamara, ku nuna wa malami rubutun Japananci ko Koriyanci kafin a kai wa mai ɗinki, domin wanda bai iya karanta shi ba yana iya kifa shi. Wanda kuma sunansa ke ɗauke da sunan Allah, irin Abdullahi ko Abdurrahman, shawarata kada ya sa a rubuta shi da Larabci a abin da ke gogar tabarma, ana shiga bayan gida da shi. Harafin farko na suna da boko ya wadatar.

A Zongo ɗamara takan yi gado. In wa ya wuce rawaya, sai ƙane ya karɓa, domin ba kowane gida ke iya sayen sabuwa duk gwaji ba. Wannan abu ne mai kyau. A wanke ta, a kai wa malami, shi zai ɗaura wa ƙanen ranar da ya ci gwaji. Filin da ta bari a allon wan, a liƙa 'yar takarda a rubuta wanda aka ba.

Ta mamaci kuwa, ko wadda malami ya ba ka kyauta, ba ta shiga jerinka. Yi mata wurinta daban, a gefe, da sunan mai ita a ƙasa. In iyalinsa suna raye, nemi izininsu kafin ka kafa, kuma in sun ce sun fi so ta zauna a akwatin mahaifiyarsa, ka wanke ta, ka naɗe, ka kai musu. A bayan kowane allo, ka manna takarda cikin leda mai haske, ka rubuta launin kowace ɗamara, wata da shekarar da aka ba ka, wurin gwajin, da sunan malamin da ya ɗaura maka.